Kamu mai tsami ko garin da ake damawa nan take: wanne ya fi wa yaro amfani?

Hajiya Asabe mai koko, Marwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu boko da ma'aikatan asibiti na cikinmu. Matan da ke kawo mini kofunan yara yanzu, musamman masu goyon fari, sai su ce in zuba musu wanda bai yi tsami ba, wai mai tsami ne ke sa yaro zawo. Wasu ma sun bar kamu ɗungurungum, gari kawai suke kaiwa inji su riƙa damawa nan take. Mu kuwa mun tashi mun tarar ana jiƙa gero ya kwana, a markaɗa, a tace, a bar shi ya kwanta ya ɗauki tsami kafin a dama. Wahalar banza iyayenmu suka yi ta sha, ko akwai abin da tsamin nan yake yi?

Maman Hanifa, Garwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ina cikin waɗanda kike nufi, kuma ba raini ba ne. Abin da ya kwana biyu cikin roba a zafin Garwa, kumfa ta taso masa, wari ya canza, ni a ganina ya fara lalacewa. Babba ya sha, amma 'yar wata takwas? Zuciyata ba ta kwanta ba.

Ummi, Ngaundere: Hajiya, Allah ya saka da wannan tambaya. Fannin sarrafa abinci nake karanta a ENSAI, babbar makarantar kimiyyar sarrafa amfanin gona ta nan Ngaundere, kuma abin nan ya daɗe yana cina, don kullum ina ganin ana yar da abu mai daraja a rungumi wanda bai kai shi ba.

Kumfar da Maman Hanifa ta gani aikin wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke kan hatsin da jikin ƙwaryar tun asali. Suna cin sukarin da ke cikin ƙullun su mai da shi tsami, irin tsamin nono sak. Waɗanda aka fi samu a kamun gero da na dawa su ne Lactobacillus fermentum da Lactobacillus plantarum, ko da yake masana sun sake musu suna a 2020. Idan tsamin ya kai, lambar pH, wadda ke raguwa in tsami ya ƙaru, ta sauka wajen 4, ƙwayoyin da ke kawo gudawa ba sa iya hayayyafa a ciki yadda suke so. Kunun gari marar tsami da aka dama da safe aka ajiye wa yaro har la'asar, shi ne ma ya fi hatsari. Hukumar Lafiya ta Duniya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun yi taro na musamman kan wannan a Piritoriya ta Afirka ta Kudu a 1995, saboda iyalan da ba su da firij.

Amma ni abin da ya fi jan hankalina wani ne. A cikin gero da dawa da masara akwai wani sinadari, fitat. Yana kama ƙarfen da ke gina jini, ya kama zink da kalsiyam, ya riƙe su gam har su wuce ta cikin yaro jiki bai samu ba. Abin da ke warware shi wani anzim ne mai suna fitaz. Anzim kamar almakashi yake, kowanne da abin da yake yankawa. Akwai ɗan fitaz a cikin hatsin, wasu ƙwayoyin ma suna fitar da nasu, kuma ba ya aiki sosai sai da ruwa da ɗumi da ɗan tsami da lokaci. To, jiƙo da kwanan ƙullu su ke ba shi huɗun nan. Garin da aka kwaɓa aka zuba wa tafasasshen ruwa nan take, fitat ɗinsa na nan daram, zafin ma ya kashe almakashin tun bai yanka komai ba.

Hajiya Asabe mai koko, Marwa: Allahu akbar. Ashe kwanan nan da yake yi aiki ake a ciki.

Tanti Hadiza, ma'aikaciyar jinya, Kusiri: Ummi ta faɗi gaskiya, amma zan ja birki kaɗan, kada gobe wata ta ga tafin hannun ɗanta ya yi fari fat ta ce koko mai tsami zai warkar. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na yaran Kamaru 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. Ba abinci kaɗai ke kawo shi ba. Zazzaɓin cizon sauro na cin jini, tsutsar ciki na ci, ga masu amosanin jini. Yaron da idonsa ya yi fari a kawo shi a auna. Sannan tsami ba ya wanke ƙazanta. Wanda ya ga kwalarar 2010 da 2011 a jihar nan ba zai yi wasa da ruwan da ake sirka koko da shi ba. Sau tari kokon lafiya lau yake, ruwan randar da aka ƙara don ya huce ko cokalin da ba a wanke ba shi ke kawo zawon, sai a ɗora wa tsami laifi.

Maman Hanifa, Garwa: Tanti, wannan na ƙarshe ya taɓa ni, don kusan kowa da ruwan sanyi yake sirkawa. To Ummi, idan an dafa kokon ai ƙwayoyin sun mutu ko? Ina amfanin nasu ke nan? Na ga ana tallar wani gari a farmasi wai yana da ƙwayoyi masu rai, kuɗinsa ba kaɗan ba.

Ummi, Ngaundere: Sun mutu, Yaya. Duk mai ce miki dafaffen koko yana da ƙwayoyi masu rai bai san abin ba. Aikinsu sun gama shi tun a cikin roba: sun rage fitat, sun bar tsamin da ke kare kunun, wasunsu har suna ƙara bitamin na rukunin B. Masu rai ɗin da ake kira probiyotik zance ne daban. Sharaɗinsu, yadda FAO da Hukumar Lafiya suka tsara a 2001, shi ne su shiga ciki da ransu, da yawan da ya isa, kuma a ce an tabbatar da amfaninsu. A abincinmu, kindirmo da nonon da ba a sake ɗorawa a wuta ba su ne ke ɗauke da ƙwayoyi masu rai.

Kuma don kada in sayar muku da rabin magana: tsamin gida ba ya cire fitat duka. Gero da dawa da masara nasu fitaz ɗin kaɗan ne in aka kwatanta da alkama. A wani gwaji da aka buga a 2003, an zuba fitaz aka cire fitat ɗin kakaf daga kunu iri-iri aka ba mutane. Ƙarfen da jiki ya tsotsa daga kunun masara ya ninka kusan sau biyar, na farar dawa kamar sau biyu, amma na dawa mai yawan tanin kusan bai motsa ba. Tanin shi ne baurin nan da ake ji a jar dawa irin jigari, shi ma kama ƙarfe yake, kuma fitaz ba ta da iko a kansa. Don haka in akwai zaɓi, kunun yaye a yi shi da gero ko muskuwari mai hasken ƙwaya irin safrari, a bar jigari ga tuwon manya.

Alhaji Bala mai kaji, Garwa: Ku ba ni wuri in sa baki, don fitaz ɗin nan na san ta a buhu. Tana cikin garin haɗin da muke zubawa a abincin kaji. Tun 1991 ake sayar da ita ga masu kiwo a Turai, ta farko daga wani nau'in funfuna aka samo ta, daga baya aka koma samarwa da na bakteriya. Kaza ba ta iya cin moriyar fosforas ɗin da ke cikin masara da waken soya sai an warware mata, shi ya sa. Abin da ke ba ni takaici, an yi wa kaza wannan tanadi shekaru sama da talatin, ɗan mutum kuwa a ƙauyukanmu yana shan gari da ruwan zafi. Me ya hana a yi ta a ƙananan ƙunshi don kunun yara?

Ummi, Ngaundere: Alhaji, an gwada haɗa ta cikin garin sinadaran da ake barbaɗa wa abincin yara, kuma ta yi aiki. Matsalar kuɗi ce da rabawa. Amma don Allah kada wani ya ɗebo ta kaji ya zuba wa yaro, haɗin can akwai abubuwan da ba na mutum ba ne. Akwai hanya mai sauƙi: ɗan garin alkama wadda aka niƙa da dusarta, kamar kashi ɗaya cikin goma, a zuba cikin ƙullun da ruwa mai ɗumi a bar shi. Fulawar buhu ba za ta yi ba, an cire mata dusar da fitaz ɗin take ciki.

Falmata, Injamena: Alkama kam muna samu, ana nomanta a wajen Bol bakin tafki. Mu nan kisar muke yi, wata irin waina mai faɗi marar kauri, ƙullunta sai ya kwana ya yi tsami, kuma kowace mace tana rage ɗan tsohon ƙullu ta zuba a sabo don ya tashi da wuri. Ƙanwata Ummi, dihe fa? Wanda matan Kanembu ke kwashewa a tafkunan Kanem su shanya a kan yashi, muna sa shi a miya.

Ummi, Ngaundere: Tsohon ƙullun nan da kuke ragewa shi ne iri, Yaya Falmata, yana sa masu amfanin su riga miyagun cika wuri. Dihe kuwa shi kansa dangin bakteriya ne, shi Turawa ke sayarwa da sunan sipirulina. A nan ƙwayar ce ake ci kai tsaye, fiye da rabin busasshensa furotin ne. A dai kula da yashi da tsabtar inda aka shanya.

Tanti Hadiza, ma'aikaciyar jinya, Kusiri: Ni babbar damuwata da koko ba tsami ba ce, ruwa ne. Uwa za ta dama shi tsululu don yaro ya iya haɗiya, ya sha kofi guda cikinsa ya yi tim, alhali abin da ya shiga yawancinsa ruwa ne. Cikin ɗan wata takwas bai fi ɗaukar kofin shayi ɗaya ba a zama guda. Ga shi wajen tacewa an zubar da dusa, wani rabo na furotin da ƙarfen ya bi ta. Yaro na shan koko safe da yamma yana ramewa, uwa na cewa ai yana ci.

Ummi, Ngaundere: Tanti kin taɓo inda yake ciwo. Masu binciken IRD, wata cibiyar bincike ta Faransa, sun auna kokon gero na Wagadugu, wanda suke kira ben-salga, suka tarar ƙarfin da ke cikinsa bai kai abin da yaron yaye ke bukata ba. Maganin da suka bi shi ne ƙara gyaɗa da garin tsiro.

Ga yadda ake yi, kuma ina roƙon kowace uwa ta gwada ta gani da idonta. Ki jiƙa gero ya kwana, ki tsane shi, ki baza kan buhu mai laima ki rufe, kina yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana biyu zuwa uku zai fito da farin tsiro. Ki shanya a rana ya bushe ƙayau, ki murje shi da tafin hannu har saiwar da tsiron su kakkarye, ki sheƙe, sannan ki daka. Ranar damu, ki dama kokon da kauri sosai, wanda in kin tsayar da ludayi zai tsaya. Ki sauke ya ɗan sha iska, yana turiri amma ba ya tafasa. Ki barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiron ki juya. Kina juyawa za ki ji ludayin ya saki a hannunki, kafin minti goma abin da ya yi kamar tuwo ya koma yana zuba, ba tare da kin ƙara ɗigon ruwa ba, har ɗan zaƙi zai yi. Anzim ɗin tsiro ne, amilaz, ya daddatsa sitacin. Sai ki mayar wuta ya tafasa sau ɗaya. Yaro ya sha kofi guda, ya samu hatsin da da sai ya sha biyu ko fiye. A Tanzaniya sun daɗe da wannan, kimea suke ce wa garin.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi: tsiron dawa yana da guba a saiwa da kan tsiron, dangin wadda ke cikin rogo mai ɗaci. Shi ya sa makiyaya ke hana shanu cin gyauron dawa. In da dawa za a yi, murjewa da sheƙewar nan dole ce. Ga yaro ni na fi son gero.

Malam Sali, Mora: Assalamu alaikum. Ina bin zancen tun farko, sai da aka zo kan tsiro na ga ya kamata in yi magana. A nan ƙasar kowa ya san da tsiron dawa ake dafa bilbil. Jiƙo, tsiro, kwana, kumfa, duk matakan giya ne. Ina jin tsoron a buɗe wa mata ƙofar da ba a san inda za ta ɓulle ba. Kuma kunun zaki da ya kwana biyu, wa zai rantse babu maye a ciki?

Inna Dudu, Mokolo: Malam, da girmanka. Ni na girmi yawancin 'yan zauren nan, kuma tun ina yarinya ake kamu da ruwan tsami da daddawa a gidan malamai. Ba mu taɓa jin wanda koko ya bugar ba. Mai bilbil ta san abin da take nema, mu ma mun san namu.

Ummi, Ngaundere: Malam, tsoronka yana da tushe, Allah ya ƙara taƙawa. Bambancin yana ga wanda ya ci sukarin. Bakteriyar tsami tsami take fitarwa. Mai mai da sukari giya shi ne yis, kuma mai bilbil da gangan take dafa ruwan tsiron ya yi zaƙi, ta zuba masa yis ta bar shi ya yi aiki. A kokon yaro, garin tsiro minti goma yake yi a tukunya sannan a tafasa a sha, babu lokacin da wani abu zai zama giya. Inda maganarka ta fi kamawa shi ne kunun zaki da aka sa wa sukari aka toshe a gora aka bar shi kwanaki cikin zafi. Wannan kam yis na iya kama shi, alamarsa gorar ta kumbura, ya riƙa tsiyayar iska da warin da ba nasa ba.

Malam Sali, Mora: To wannan ya yi daidai da abin da muka karanta. Ya tabbata a hadisin Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi, ya sha ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Ke nan jiƙo halal ne matuƙar bai kai ga maye ba, kuma ƙasarmu da zafi, sai a rage kwanakin. Kan kunun gora ina nan kan bakana, kada ya wuce yininsa.

Inna Dudu, Mokolo: Tunda an zo nan, ɗiyata Ummi ki yi mana bayanin daddawa. Yaran yanzu sai dunƙulen kanti, wai daddawa wari. Mu nan kan duwatsu ɗorawa ta yi ƙaranci, da gurguzu ake yi, daddawar batso, wadda maƙwabtanmu ke kira mbuja. Gidan da ba a ga nama ba sai kasuwa ta ci, ita ce naman miyarsu, kuma ba ɗan mitsitsi ake sawa ba.

Ummi, Ngaundere: Inna, daddawa aikin wata ƙwaya ce daban, Bacillus subtilis. Ita ba tsami take yi ba. Kalwa ko gurguzu ko waken soya, in an dafa su sun yi laushi aka rufe da ɗumi kwana biyu zuwa uku, sai ta fito da anzim masu yanka furotin gunduwa-gunduwa, yadda hanji zai ɗauka ba wahala. Yauƙin nan da ke bin hannu in an buɗe, da warin da ke hawa hanci, shaidar aikinta ne. Daɗin da take ba miya daga gulutamat ne, shi ɗin dai da ake zubawa a dunƙule, sai dai dunƙule yawancinsa gishiri ne, kalwa kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku nata furotin ne. Mutanen Japan da wannan ƙwayar suke yin natto da waken soya, suna ci da shinkafa da safe, ba sa jin kunyarsa.

Alhaji Bala mai kaji, Garwa: Amma a faɗi gaskiya, a birni ƙwaya ɗaya ake jefawa a tukunyar mutum goma. Wannan ba zai gina jikin kowa ba.

Tanti Hadiza, ma'aikaciyar jinya, Kusiri: Haka ne Alhaji. Shi ya sa nake cewa a haɗa: kamu mai tsami, a dama da kauri, garin tsiro, cokalin tunkuza ko gyaɗa markaɗaɗɗiya, in da hali garin busasshen kifi, mu nan bakin Logon ba ma rasa shi. Gyaɗar a tsince, duk wadda ta yi funfuna ko ɗaci a zubar, don gubar aflatoksin ba tsami ba tafasa da ke kawar da ita. Bayan an sauke a ɗan sa garin ƙwame na kuka ko a matsa lemon tsami, bitamin C na taimaka wa jiki ya ja ƙarfe. Shayi kuwa akasin haka yake yi, a daina ba yara shi kan abinci. Tun 2011 doka ta sa a ƙara wa fulawa ƙarfe da zink da wasu bitamin, man girki kuma bitamin A, amma wanda tuwonsa da kokonsa daga injin unguwa suke fitowa wannan bai kai gare shi ba sai kaɗan. Kuma kafin wata shida, nonon uwa zalla.

Maman Hanifa, Garwa: Zan gwada tsiron geron. Tsamin dai zan fara da na kwana ɗaya, ban kai ga na kwana biyu ba tukuna.

Adda Hawwa mai kosam, Ngaundere: A yi mini uzuri na shigo a makare. Kindirmo nake yi ina kaiwa shaguna. Abu biyu. Masu cewa madara na kumbura musu ciki, yawancinsu in sun sha kindirmo lafiya lau, me ya sa? Na biyu, wani lokaci in dafa madara, in sa iri yadda na saba, ta kwana ta ƙi kamawa, ta tsaya ruwa-ruwa. Asara ce babba.

Ummi, Ngaundere: Adda, na farko: sukarin madara, laktoz, manya da yawa cikinsu ya daina fitar da anzim ɗin da ke narkar da shi. Ƙwayoyin nono suna cinye wani kaso, kuma suna shiga ciki da nasu anzim ɗin su ƙarasa aikin. Ki ci gaba da dafa madarar kafin sa iri, don tarin fuka na shanu da cutar bakkale suna bin ɗanyar madara, tsami kuma ba ya ba da tabbacin kashe su. Na biyu, ko kin sa irin madarar na da zafi sosai ta kashe shi, ko sanyin Ngaundere ya hana shi tashi, ko irin ya tsufa. A Yuganda akwai ƙungiyar Yoba for Life da ke raba busasshen iri a ƙunshi, giram ɗaya na isa a yi lita 100, don maganin irin wannan matsala. Amma ki fara tambayar masu kawo miki madarar ko an yi wa saniya allura kwanan nan.

Alhaji Bala mai kaji, Garwa: Wannan ita ce, Adda. Allurar oksitetrasiklin da makiyaya ke saye a kasuwa su yi da kansu tana fita ta cikin nono, kuma ba ta bambance ƙwayar cuta da ta kindirmo. Madarar saniya ɗaya tana iya ɓata jarka guda. A jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin a sayar da nonon, sai dai wa ke karantawa.

Adda Hawwa mai kosam, Ngaundere: Da damina abin ya fi yawa kuwa, lokacin da shanu ke ciwo. Daga ruga uku nake karɓa ina haɗawa wuri ɗaya. Gobe zan raba, kowace ruga da ƙwaryarta, in ga ta wa ce ke ƙin kamawa.